Atilio, Mai Ban Ruwan Kwaɗin Kihansi

Atilio Mdemu bai taɓa zama wani babban mutum ba a ƙauyen Ilambasi, kuma bai taɓa nema ba. Gajere ne mai faffaɗar ƙafa, maganarsa sai ka matso kusa za ka ji. Abin da ya gada wajen ubansa shi ne tatsar ulanzi, giyar nan da ake samu a jikin ɗanyen gora. Ka sare kan sabon tsiro, ka rataya masa ɗan mazubi, ruwan ya yi ta ɗiga. Safe da yamma kuma dole ka koma ka shafce bakin da wuƙa, in ka yi fashi ya toshe, shi ke nan ka yi asarar tsiron. Sana'a ce da ba ta son mai yawo, Atilio kuwa ko kasuwar mako sai matarsa ta yi da gaske yake zuwa.

Ƙasa da ƙauyen ne kogin Kihansi yake faɗawa kwazazzabo. A wancan lokacin rugugin ruwan har cikin ɗaki ake jin sa, feshinsa kuma yana tashi fari fat, ya jiƙa ciyawa da duwatsu rani da damina. Ba mai sauka can. Me za ka je yi? Ba a noma, ba a kamun kifi, ga santsin da zai kai mutum lahira ba shiri. Sai da aka zo aka datse kogin don wutar lantarki, aka karkatar da ruwan ta cikin dutse, sannan wurin ya yi suna. Rugugi ya ɗauke, tsofaffi suka yi ta sosa kunne suna cewa kamar an toshe musu shi. Ana cikin haka sai ga masu bincike daga jami'a, da jakunkuna da takalman roba, suna neman 'yan dako. Wai akwai wani kwaɗo a ƙasan nan wanda babu irinsa ko'ina a duniya, kuma in feshin ya tsaya, nasa ya ƙare.

Dabarar da suka yi ita ce a jawo ɗan ruwan da ya rage ta bututu, a jera kawunan feshi birjik a kan ciyawar, su riƙa yi wa kwaɗin yayyafin ƙarya. Atilio yana cikin waɗanda suka ɗauki bututun a ka suka gangara da shi, ƙafa na zamewa, gumi na shiga ido. Ranar farko da aka nuna masa kwaɗon sai da ya ja tsaki. Duk wannan wahalar a kan wannan ɗan abin? Bai kai kan babban yatsa ba, rawaya ne kamar gwaiduwar ƙwai, ya lafe a jikin ciyawa yana ƙyalli. Amma wata malama cikin masu binciken ta ɗora masa wata macen kwaɗon a tafin hannu, ta juya ta, ta ce ya duba cikin da kyau.

Da ya dawo gida ya tarar da matarsa Sekindole tana tuƙa tuwon masara. Ita mace ce mai baki, duk maganar da mijinta ya rasa ita ta kwashe.

Ya ce, "Ba ya yin ƙwai. Haihuwa yake yi."

"Wa?"

"Kwaɗon. Macen. Fatar cikinta ba kauri, kana hango 'ya'yan a ciki."

"Baban Gaudensi, ulanzin yau sayarwa ka yi ko shanyewa?"

"Na rantse da idona na gani."

"To talibambam ɗin fa, a ina suke iyo?"

"Babu talibambam. Da ƙafafunsu suke fitowa, kammalallu."

"Oho. To in ta tashi naƙuda ka aiko, in kai mata ruwan zafi."

Da aka gama shimfiɗa bututu sai aka ga ashe aikin yanzu ya fara. Ramin kowane kan feshi ɗan tsurut ne, ruwan kogi kuwa da laka yake zuwa, nan da nan ya toshe. Ana bukatar mutum biyu da za su riƙa sauka kullum suna bin layi suna zungure ramukan da siririyar waya. Aka ɗauki Atilio, don an lura shi kaɗai ne ba ya gundura. Aka ce ya kawo na biyu da kansa, wanda zai ji daɗin aiki da shi. Bai ko yi dogon tunani ba ya kawo Onesmo, ɗan Baffa Lukelo, ƙanen ubansa. To wa zai kawo? A Ilambasi mutum ya samu aikin albashi ya tsallake ɗan baffansa ya kira bare, ai sai a ɗauka ya taɓu. Baffa Lukelo ya sa masa albarka a gaban jama'a, kowa ya ce Atilio ya san gida.

Haka suka shiga aikin. Da safe su gangara, su tsoma takalmansu cikin kwanon ruwan magani a bakin shiga, don an gargaɗe su akwai cutar da ake ɗaukowa a ƙafa, sannan su raba layi. In ɗaya ba shi da lafiya ɗayan ya yi duka. Atilio bai ga wani sabon abu a ciki ba, ai tatsar ulanzi ce aka sauya wa riga: kada ka bar baki ya toshe. A ƙauye kuwa aka samu abin dariya. Yana wucewa ta wajen masu shan giya za a ɗaga murya, "Ungozomar kwaɗi, an sauka lafiya? Mace ko namiji?" Shi dai ya yi murmushi ya wuce. Da aka kwashi wasu kwaɗin a akwatuna aka kai su Amurka don a ajiye iri, tsiyar ta ƙaru. Onesmo da kansa ya ce, "Yaya, ka ga abin kunya? Kwaɗo ya riga mu shiga jirgin sama."

Sai da ya kusa shekara yana aikin sannan ya ga haihuwar da idonsa. Yana durƙushe yana zungurar wani kan feshi, ruwa na bin wuyan rigarsa, sai ya ga wata macen kwaɗo a kan ganye kusa da gwiwarsa, ta kumbura, ta tsaya cik. Ɗan farko ya fito, baƙi-baƙi, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya motsa ƙafa ya matsa gefe. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Atilio ya manta da wayar da ke hannunsa. Ya duba sama ya ga ruwan da ke zuba a kansu daga ramin da ya buɗe yanzun nan yake fitowa, sai tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya gane in shi bai sauko ba, waɗannan ba su da wani ruwan sama. Daga ranar ya daina jin zafin sunan da aka laƙaba masa, ya kuma sallama wa ɗansa Gaudensi gonar gora gaba ɗaya.

Cikin rani, wata shekara da kwaɗin suka yi yawa har sai ka duba inda za ka taka, uban Atilio ya rasu. Kowa ya san yadda ake yi. 'Ya'yan mamaci da 'ya'yan 'yan'uwansa su zauna a ƙasa a ƙofar gida, ba gona, ba kasuwa, ba ƙetare bakin gari, har ranar da za a aske musu kai a sallame su. Atilio shi ne babban ɗa, wurinsa a gaba yake. Yana zaune yana amsa gaisuwa ya waiga dama, sai ya ga Onesmo a kan tabarma ɗaya da shi. Nan take ya gane kuskurensa. Mutum biyu aka ɗauka don in ɗaya ya kasa ɗaya ya je, shi kuma ya je ya ɗauko su daga gida ɗaya. Saƙo zuwa ofishin masu aikin kuwa sai an zagaya dutse da motar ranar kasuwa, kasuwa kuma ta ci jiya.

Ya daure kwana ɗaya, ya daure na biyu. Da ya ga rana na ƙara zafi, ya rarrafa zuwa wajen Baffa Lukelo, wanda yanzu shi ne babba a gidan.

"Baffa, ina neman alfarma. A bar Onesmo ya sauka, ko ni. Kafin rana ta raba mun dawo."

"Ku sauka ina?"

"Kwazazzabo. Ramukan za su toshe."

Baffa Lukelo ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Atilio, ƙasar kabarin ubanka ba ta bushe ba. Kwaɗo ne ya haife ka?"

"A'a, Baffa."

"To koma ka zauna. Kada in ƙara ji. So kake a ce an bar yayana shi kaɗai an tafi shayar da kwaɗi?"

Ya koma ya zauna. Kada wani ya ce Baffa Lukelo mugu ne, ko kusa. Abin da aka yi wa ubansa ya yi wa yayansa, kuma da Atilio ya tashi a ranar, da har jikokinsa sai an goranta musu. Shi ma Atilio ya san haka, shi ya sa bai tashi ba. Amma tuwon makokin nan bai iya cin sa ba, masu gaisuwa suna ta yabon yadda mutuwar uba ta taɓa shi.

Ana gama aski ya kama hanya, Onesmo na binsa da gudu. Tun daga nesa ya ji shirun. Fiye da rabin kawunan sun toshe, sauran suna ɗiga kamar hancin mai mura. Ciyawar gefen rana ta kwanta ta yi fari. Kwarkwasa, waɗanda da ba sa iya shiga saboda jiƙa, sun yi layi baƙi ƙirin sun ratsa wurin. Kwaɗi kuwa ga su nan a kwance, wasu a bushe, wasu da rai amma ba sa gudu in ka kai hannu. Atilio ya durƙusa. Ya zaro waya ya fara daga kan farko, bai miƙe ba sai da kowane rami ya buɗe.

Ruwa ya dawo, ciyawa ta farfaɗo, amma mutuwar ba ta tsaya ba. Har a gefen da bai taɓa bushewa ba sai ka tarar da su a kife. Malamar nan ta zo da abokan aikinta, suka ɗebi gawarwaki suka tafi da su. Da ta dawo, Atilio ya tare ta ya faɗa mata abin da ya faru, bai rage komai ba.

Ta ce, "Malam Atilio, cuta ce ta kama musu fata. Ta kashe kwaɗi a ƙasashe da yawa, har inda ruwa bai taɓa ɗaukewa ba. Ko kana nan za ta iya shigowa."

"Za ta iya, ko za ta shigo?"

Ita ba mai ƙarya ba ce, sai ta ce, "Ban sani ba. Ba wanda ya sani."

Ya gyaɗa kai. Wannan rashin sanin shi ya ɗauka ya riƙe har ƙarshen ransa. Kafin damina ta zagayo sai a wuni ana dubawa a ga guda biyu, daga baya a ga ɗaya, daga baya babu. Kwaɗon da ake kaffa-kaffa kada a taka shi ya ƙare a Kihansi ƙaf, sai waɗanda ke cikin akwatunan gilashi a wata ƙasa.

Masu aikin suka ce ba za a kashe feshin ba. In wurin ya bushe, daji zai cinye shi, ranar da aka ga dama a dawo da na waje ba su da gidan komawa. Onesmo ya ce shi kam ya gaji da yi wa ciyawa wanka, ya tattara ya tafi gonakin shayi na Mufindi. Gurbi ya buɗe, aka sake ce wa Atilio ya kawo mutum.

Duk Ilambasi ba wanda ya yi shakkar wa zai kawo. Gaudensi ya yi aure, matarsa ta haihu, gora kuma ba ta ba da ruwa sai da damina. Ya san hanyar kwazazzabo, ya san aikin, har ya sayi takalmin roba. Sai kawai aka ji Atilio ya sauka har gangare, ƙasar masunta, ya ɗauko wani Shomari Ngwega, dogo mai shiru-shiru, Musulmi, wanda ko gaisuwar Ilambasi bai iya ba. Tirƙashi! Ranar Sekindole ba ta ɗora tukunya ba.

Gaudensi ya same shi a bayan gida yana wanke waya.

"Baba, me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba."

"Rago ne ni? Ɓarawo ne ni?"

"Ko ɗaya."

"To me wancan dogon yake da shi da ba ni da shi?"

"Ba ɗana ba ne."

Gaudensi ya yi dariyar takaici. "Wannan shi ne laifina?"

Atilio ya ajiye wayar. "Ranar da na mutu, kai za ka zauna a gaba. Baffanninka ba za su bar ka ka ɗaga ba, kuma gaskiyarsu. To wa zai sauka?"

"Baba, babu kwaɗo ko ɗaya a can! Ko ɗaya! Jikanka yana nan da rai yana kukan yunwa, kai kana tanadin ruwa don abin da ya mutu."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Na sani."

Ba a yi wata guda ba Gaudensi ya kwashi iyalinsa ya koma Ifakara yana buga bulo. In ya aiko da gaisuwa, uwarsa kaɗai yake ambata. Abin ya ci Atilio ƙwarai, don yana son yaron nan fiye da yadda bakinsa ya iya faɗa. Sekindole ta yi masa ruwan masifa wata da watanni. "Kai dai Allah Ya haɗa ni da kai! Mutane na kawo 'ya'yansu kusa, kai kana korar naka saboda kwaɗin da ke cin daɗinsu a Amurka." Ya saurara, ya ci tuwonsa in an ba shi, gari ya waye ya sauka.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Shi ya gangaro daga sama, Shomari ya hauro daga ƙasa, su haɗu a kwanon ruwan magani. Ba su cika magana ba, kuma ba su taɓa faɗa ba. In Shomari yana sallar idi, Atilio ya yi layi biyu. In Atilio yana coci ko biki, Shomari ya yi. Da aka yi rasuwa a dangin Mdemu, Atilio ya zauna makokinsa har aski, hankali kwance, ya ci tuwo ya ƙoshi. Ciyawar kwazazzabo ta yi kore shar, ta fi ta da kyau, ba komai a cikinta sai ƙwari. Duk da haka kullum in ya gama layi sai ya ɗan ɗaga ganye ya leƙa. Lokaci-lokaci a zo a ce ana shirin dawo da kwaɗin, sai kuma a ji shiru. Masu tsokana ma suka gaji suka bari, don tsokanar mutumin da ke shayar da fili ba daɗi.

Sanyin wurin ne ya kama masa ƙirji. Ya fara da tari, ya ƙi zuwa asibiti, da aka kai shi kuma an makara. Ya rasu cikin rani, kafin a kawo ko akwati ɗaya.

Gaudensi ya iso daga Ifakara aka yi jana'iza da shi. Ya zauna a ƙasa a ƙofar gida, a gaba, Onesmo na gefensa, yanzu shi ma ya yi furfura. Bai yi kuka ba, fuskarsa a ɗaure, har yanzu da sauran fushi a ransa. Jama'a suka cika gidan, har mutanen ofis sun aiko. Mutum ɗaya ne ba a gani ba, kuma kowa ya lura.

Onesmo ya ce, yadda kowa zai ji, "Ina dogon nasa? Shekara da shekaru suna aiki tare, ko ƙasa bai zo ya zuba masa ba. Abin da ake gudu ga bare ke nan."

Rana ta yi sanyi, ana shirin raba tuwo, sai ga Shomari ya ɓullo ta hanyar kwazazzabo. Wandonsa sharkaf har cinya, rigarsa ta manne a jiki, yana warin ruwan magani, yana haki don hawan ba wasa ba ne. Ya tsaya daga nesa ya cire takalmi, ya rasa ta inda zai fara gaisuwa. Mata suka fara gunaguni. Onesmo ya buɗe baki zai yi magana, Gaudensi ya riƙe masa hannu.

Ya ce, "Malam Shomari, daga can kake?"

"Daga can nake. Layi biyu ne yau, shi ya sa na makara. Ku yi haƙuri. Allah Ya ba ku dangana."

"Ruwan yana zuba?"

"Yana zuba. Duka."

"Ka ga wani kwaɗo?"

Shomari ya girgiza kai. "Ban ga ko ɗaya ba."

"Gobe fa?"

"Gobe ma zan je."

Gaudensi ya dubi ƙafafunsa da al'ada ta ɗaure a kan tabarma, ya dubi jiƙaƙƙen wandon mutumin. Sai a lokacin kukan ya zo masa, mai ƙarfi, irin wanda ba a iya tarewa, ya kifa kai a gwiwa yana kiran ubansa. Da ya ɗan lafa, ya matsa gefe ya buɗe wuri a kan tabarmar 'ya'yan gida, inda bare ba ya zama. Shomari ya yi turus. Daga cikin mata Sekindole ta ɗaga murya, a dishe.

"Zauna mana, bawan Allah. Ku ba shi tuwo da zafinsa, da sassafe zai tashi."